Hannuwan da ke Tashi a Bayan Baba

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara, kamar yadda ya taɓa faɗowa ina sabuwar malama. Masu lissafin wata sun ce sai ya yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya zagayo inda ya baro, to ga shi ya zagayo ya same ni da furfura da ciwon gwiwa. Makon jiya muna ɗakin taron kwalejinmu a nan Kaura Namoda, ana yi wa sababbin malamai bitar koyarwa, ni aka ɗora wa jagoranci. Fankoki na juyawa da wutar sola, majigi na haska bango, amma yaran nan sai fifita suke da takarda suna hamma, wai zafi. Da na ce kowa zai shiga ajin ɗan'uwansa ya zauna a baya ya ga yadda yake koyarwa, sai wani mai sabon digiri ya ce shi gaskiya yana jin nauyi, an haɗa shi da wanda ya girme shi. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Yaro bai san nauyi ba. Ni da surukina aka haɗa, uban mijina, wanda nake durƙusawa in ajiye wa tuwo.

Daminar da ta gabaci wancan azumin ta yi gardama. Ruwa ya ɗauke gero na bununi, aka girbe abin da bai taka kara ya karya ba. Mijina Lawali direban motar hatsi ne tsakanin Shinkafi da kasuwar Kaura, yakan dawo ya ce dillalai sun fi buhuna yawa. Mu gidan malami ne, ba mu kwana da yunwa ba, amma Inna, uwar mijina, ta koma auna gero da ƙaramin kwano, kunu kuwa ya tsinke har kana hango gindin ludayi. Hocen da muke yi, wainar nan ta dawa mai faɗin tafin hannu, ya dawo kamar bakin moɗa.

Ana sallame asuba muke fita rijiya, don in rana ta ɗaga sai laka. Ruwa ya yi nisa har muka ƙara wa igiyar guga tsawo da tsohon zanen Inna. Mu jawo jan ruwa mu zuba a randa ya kwanta, sannan mu hau surfe ni da ita da matan maƙwabta, turmi biyu, kowa na taya kowa, don a gama kafin ƙarfi ya ƙare. Daga nan in watsa ruwa kwano guda, in ɗauki jakata. Baba kan fita da kekensa, ni kuma in tsaya a zaure sai ya yi nisa, don kada hanya ta haɗa mu. Kwaleji ɗaya muke koyarwa, amma in na hango babbar rigarsa a baranda, sai in sake hanya.

Baba lissafi yake koya wa 'yan shekarar farko. Har yau da ya daɗe a kabari ban iya faɗar sunansa ba, ku yi haƙuri da Baba. Ya fara daga firamare a Zurmi, ya hau ya hau har ya zo kwaleji, rabin malamanmu kuwa shi ya koya musu riƙon fensir. Rubutunsa a allo kamar an buga da inji. Amma shekaru a jere ɗalibansa na zubewa a jarrabawa. Kullum bayan buɗa-baki ina jiyo shi yana yi wa Inna ƙorafi, wai yaran zamani gumaka ne, ka yi ta zuba ba mai ɗaga hannu ya ce bai gane ba. Yakan ce a da tambaya har gida ake biyo shi da ita.

Ana cikin haka Malam Sanusi, shugaban sashensu, ya tari Lawali a kasuwa. Shi ma ɗalibin Baba ne, bai iya dubansa ya faɗa ba, sai ya sauke wa ɗansa. Ya ce an yanke shawara, in wannan zangon ma aka zube, za a karɓe ajin a ba wani, a ajiye wa Baba tebur a ofishin adana takardu har ya yi ritaya. Lawali ya gaya mini yana share zufa, ya ce kada in bari ko bango ya ji. Ni da shi mun san abin da hakan ke nufi. Mutumin da ko ranar Juma'a sai ka ga ƙurar alli a hannun rigarsa, in aka raba shi da allo an gama da shi.

A cikin wannan azumin ne kwaleji ta kawo wani Dokta daga wata jami'a mai nisa, ya yi mana bita a kan koyarwa. Ɗan siriri ne mai fara'a, zafinmu ya gigita shi har yana ɗora jiƙaƙƙen hankici a ka. Manyan malamai sun zo ne don dole, suna gunaguni wai yau kuma ƙwai zai koya wa kaza. Shi kuwa abin da ya kawo ba shi da yawa. Ya ce malami ne kaɗai ma'aikacin da ke rufe ƙofa ya yi aikinsa shekara da shekaru ba wanda ya gani. Don haka za a haɗa mu biyu-biyu, kowa ya zauna a bayan ajin ɗan'uwansa ya yi shiru, daga baya su keɓe ya gaya masa abin da idonsa ya gani, ba abin da zuciyarsa ta raya ba. Ya kuma kafa sharaɗi, baki da baki za a faɗa, ba saƙo ba ɗan aike.

Sunan mahaifina nake amsawa, shi kuwa baƙo ina zai sani? Ya duba sunaye ya ce Malama Balkisu da Malam wane. Ɗakin ya yi tsit, sai tari ya ɓarke ta ko'ina, har da waɗanda ba su da mura. Ba wanda ya buɗe baki ya ce Dokta a sake, suruka ce. Ni na so ƙasa ta tsage. Na saci kallon Baba na ga ko gezau bai yi ba, na ce a raina kai, dattako ya yi. Ashe ba dattako ba ne, amma sai gaba na gane.

Shi ya fara zuwa ajina. Kimiyya nake koyarwa, ranar kuwa ban san me na koyar ba. Ga ƙishi ga tsoro, ina ganinsa can baya ya ɗora hula a gwiwa. Bayan an tashi muka haɗu gindin darbejiyar da ke bayan ofishin malamai, shi a benci, ni tsugune a ƙasa. Bai dube ni ba, itacen ya duba.

"Malama," ya ce. Tunda aka kawo ni gidansa bai taɓa kirana haka ba. "Na ga kina tambaya, yaran na shirin buɗe baki, sai ki riga su. In kinka yi tambaya ki jira. Ki bar shirun shi dame su, kar shi dame ki."

Wallahi gaskiya ya faɗa, har yau da ita nake aiki. Na koma gida ranar ina jin wani girma, har Inna ta tambaye ni ko albashi aka ƙara.

Sai ranar tawa ta zo. Ajinsa na rufin kwano ne ba sili, da hantsi kwanon ya fara ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa a sama. Ɗalibai sun cika benci, leɓɓa sun tsage, wasu sun zo daga ƙauye da ɗan garin gero da ƙuli-ƙuli, da shi ake sahur da shi ake buɗa-baki. Yanzu ɗalibi na kwance a ɗaki zai aiko maka tambaya ta waya, a lokacin kuwa in ba ka samu a bakin malami ba, ka rasa. Baba ya yi sallama, ya juya ya fuskanci allo, ya kama rubutu yana bayani, muryarsa tas. Bai kai rabin allo ba na ga hannu ya tashi. Wani magidanci ne mai gemu, Bello daga Katuru, wanda ke maimaita shekara. Ya ce, Malam ban gane layin nan ba. Baba bai juyo ba. Ya sake faɗa. Alli na ta tafiya. Bello ya sauke hannunsa a hankali ya ci gaba da kwafa. Can wata yarinya ta ɗaga, can wasu samari a gefen taga, hannuwa na tashi suna komawa, duk a bayansa. Sai da ya cika allo ya goge ya sake cikawa, sannan ya juyo ya ce akwai tambaya? Wanda aka bari tun a layin farko me zai tambaya a na ƙarshe? Aka yi shiru. Ya girgiza kai ya tattara takardunsa.

Ina zaune komai ya haɗu mini. Rediyonsa da ake ji har bakin titi. Inna da kullum take zama ta hagunsa tana magana kamar mai kiran wani a gona. Na tari Bello a waje na ce don me bai ɗaga murya ba. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Malama, a yi ma Malam ihu? Shi fa ya koyar da babana."

Na fara neman wanda zai ɗauke mini kayan, duk da sharaɗin Dokta. Lawali ya ce in rufa masa asiri, shi bai gaji da albarka ba. Inna na same ta tana tankaɗe, na kewaya na kewaya sannan na faɗa. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ta sani tun wani zazzaɓi da ya kwantar da shi shekarun baya, kunnen dama ya tafi, na hagu na bin sawu. Ta ce namiji irin Baba ba a ce masa ya ragu, ita abin da ta iya shi ne ta ɗaga murya a ce mafaɗaciya ce, ta kuwa ɗauka. Na je wajen Malam Sanusi, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da biro, ya ce ai kowa ya lura. Nan raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi da azumi a bakina ba. Kowa ya sani! Sun yarda su ƙwace wa mutum aji su jefa shi cikin takardu, amma ba su yarda su yi masa rashin kunyar gaya masa dalili ba.

Ranar da za mu keɓe, gab da la'asar ne. Hadarin ƙarya ya taso daga gabas, irin na bazara mai sa mutane ɗaga kai a banza, iska mai zafi na kwasar busassun ganye. Ya zauna a benci, na tsuguna nesa kaɗan kamar yadda aka koya mini tun ina yarinya, na sunkuyar da kai, na tausasa murya. Na yabi rubutunsa da tsarin bayaninsa. Sannan na daure na faɗi komai, hannuwan, da Bello, da kunnen. Da na kai aya na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka.

"Madalla," ya ce. "Allah shi yi albarka." Ya miƙe ya nufi kekensa.

Ko kalma ɗaya bai ji ba. Ladabin da na yi masa shi ya cinye maganar. Na dubi bayansa yana kwance makullin keke, na san in na bar shi ya tafi na fita haƙƙin Dokta, na fita haƙƙin surukuta, ba mai zargina, shi kuma tebur na jiransa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na zagaya ta hagunsa, na tsaya a tsaye, na dubi fuskarsa. Ranar na fara sanin yana da ɗan tabo a gira. Na buɗe murya iya ƙarfina.

"Baba! Yaran suna ɗaga hannu a bayanka! Suna magana, ba ka jin su! Kunnenka ne, Baba!"

Tagogin ofishin malamai a buɗe suke saboda zafi. Na ga kawuna sun leƙo sun koma. Baba ya tsaya riƙe da keke, ya dube ni, ya daɗe. Ya tura keken ya tafi a ƙasa, bai hau ba.

Kafin magariba labari ya riga ni kasuwa, wai matar Lawali ta yi wa surukinta tsawa a gaban mutane. Lawali ya shigo ko sallamar kirki babu, ya ce boko ya hau mini kai, ya ce da wane ido zai dubi 'yan tasha. Na kai wa Baba buɗa-baki na ajiye, ya sha ruwa ya ci dabino, kunun ya dawo yadda ya tafi. Haka washegari, haka jibi. Ya daina zuwa aji, ya daina ƙorafin yaran zamani, ya daina kunna rediyo, gidan ya yi shiru sai ƙarar tabarya. Inna ba ta zage ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba, in mun je rijiya ta miƙo guga in karɓa. Na yi kuka a madafi na ce hayaƙi ne. Har na fara tunanin abin da zan gaya wa mahaifina in an mai da ni garinmu Birnin Tsaba. Abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne, tsoro nake kada in zama na karya mutumin da na so in tsayar.

Wata yamma an sha ruwa, zafi ya ɗan sassauta, ƙasa na fitar da tururin ruwan wanke-wanke, sai Inna ta ce ana kirana. Na sami Baba a tabarma ƙofar ɗakinsa. Zan tsuguna nesa ya nuna mini gefen hagunsa da hannu.

"Hannuwan nan da kinka ce," ya ce, "da yawa?"

Na ɗaga murya na ce da yawa, Baba.

"Kullum?"

Na ce Bello ya ce kullum ne.

Ya ci gaba da murza tasbaha. Sai na ga kafaɗunsa na rawa, na tsorata, ashe dariya ce, hawaye na bin gemunsa.

"Ashe suna tambaya," ya ce. "Ashe ɗiyan mutane na tambaya, ni ina nan ina ce musu gumaka."

Ni da na zaci kunya ce ta hana shi cin abinci, ashe akwai wata damuwar da ta fi ta daɗewa a ransa. Shekaru yana ganin yara sun daina son abin da ya ba rayuwarsa, sun daina son sa, yana haɗiyewa shi kaɗai. Kurumta ciwo ce, amma ta fi wancan sauƙi nesa ba kusa ba. Ya ƙwala wa Inna kira ya ce ina kunun nan, ko an rantse sai an kashe shi da yunwa? Inna ta taho tana mita da ƙarfi, wai da wa ya hana shi sha, amma na ga tana goge ido da bakin zane.

Maganar tebur a ofishin takardu ba a sake tayar da ita ba. Zangon nan ba duka suka haye ba, amma an haye yadda Malam Sanusi ya samu bakin magana a gaban manya, Baba kuwa da allinsa ya yi ritaya. Bayan salla aka yi binne, shukar da ake yi kafin ruwa, ruwa kuwa ya sauka a kan kari, shekarar ta yi kyau. Lawali ya huce da kansa, daga baya ma har yana ba da labarin a tasha kamar shi ya sa ni. Dokta ya koma garinsu bai taɓa sanin abin da ya haɗa ba.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne ranar da Baba ya koma aji, ana sauran 'yan kwanaki salla. Shi ya ce in zo in sake zama a baya. Ya sa an jawo bencunan ɗalibai gaba har suna taɓa teburinsa. Ya yi sallama, bai juya ga allo ba. Ya gaya musu kunnensa na dama ya riga shi ritaya, na hagu ma sai da lallashi, don haka daga yau duk wanda ya yi masa magana a hankali ya raina shi. Aka yi 'yar dariya ta tsoro. Ya rubuta layi ɗaya, ya juyo, ya harɗe hannu ya jira. Kwano na ƙas-ƙas, zufa na ɗiga daga haɓarsa, ba wanda ya motsa. Ya ci gaba da jira. Can sai hannun Bello ya tashi, rabi-rabi, kamar mai tsoron a sare shi. Ya faɗi tambayarsa, Baba ya kama kunne ya ce bai ji ba. Bello ya waiwayo ya dube ni, na gyaɗa masa kai. Ya rufe ido ya kwarara ta har 'yan ajin maƙwabta suka leƙo.

Baba ya saurara, ya gyaɗa kai, ya tambaye shi tun yaushe yake riƙe da wannan tambayar.

"Tun bara, Malam."

Baba ya miƙa masa alli.

"To yau za ka aje ta. Taho nan, ta wanga kunnen."